Fallen Da Ba Ya Sayuwa

Duk mutumin da ya ke tara wani abu don sha'awa, ko littattafai ne, ko kan sarki na wasiƙu, ko tsofaffin kuɗi, lissafi biyu gare shi. Akwai wanda ya ke yi da dillali, akwai kuma wanda ya ke yi da zuciyarsa, kuma da wuya biyun nan su zo daidai. In aka ce ya nuna abin da ya fi tsada cikin kayansa, nan da nan zai nuna. In kuwa aka ce ya nuna wanda zai fara ɗauka ran da gobara ta kama gida, sai a ga hannunsa ya nufi wani wuri dabam. Labarin wani dattijo na ƙasar Japan zai bayyana wannan magana. Amma kafin a kai gare shi, ya kamata mai karatu ya san irin kayan da ya ke tarawa.

Wanda ya taɓa kallon majigi ya ga hotuna suna motsi a jikin farin ƙyalle. To, a gaskiya ba motsi su ke yi ba. Hotuna ne tsayayyu a ke wucewa da su gaban fitila da sauri, guda 24 cikin sakan ɗaya, har ido ya ruɗe ya zaci motsi ne. Akwai kuma wani irin majigi wanda ba hoton mutane a ke ɗauka ba, zane ne a ke yi da hannu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Japanawa sun gwanance da wannan sana'a ƙwarai, suna kiranta anime, har sunan ya bazu ko'ina a duniya.

Ga yadda a ke yin aikin a da. Mai zane ya kan zana mutum ko dabba da fensir a takarda. Sa'an nan a mai da layin zanen a kan wani falle na roba, garai-garai kamar gilashi amma mai lanƙwasuwa, wanda a ke kira sel. Sai a juya fallen a shafa fenti ta bayansa, don kada fentin ya rufe layi. In ya bushe, a ɗora shi bisa hoton daji ko na gari wanda aka riga aka zana a takarda, a ɗauki hotonsu tare, a cire shi, a ɗora na gaba. Kowane falle yana da huda uku a bakinsa inda a ke saƙala shi don kada ya goce, da lamba a kusurwa mai nuna layinsa. Sau da yawa a kan raba mutum guda a fallaye da dama, jiki a wannan, baki a wancan, domin in magana kaɗai zai yi, bakin kawai za a riƙa sakewa.

Ran 1 ga Janairu 1963 aka fara nuna wasan Tetsuwan Atom a talabijin na Japan, labarin wani yaro na ƙarfe mai zuciya irin ta ɗan Adam, wanda a waje aka fi sani da Astro Boy. Mai shi, Tezuka Osamu, ya ɗauki alkawarin fid da sabon kashi kowane mako, abin da mutane suka ce ba zai yiwu ba. Dabarar da ya yi ita ce rage zane, ya zama kamar takwas cikin sakan, wani lokaci ma bai kai ba. Duk da haka kashi ɗaya ya kan ci fallaye masu yawan gaske, ga shi kuwa an yi kashi 193 kafin wasan ya ƙare a 1966. Masu shafa fentin nan galibinsu mata ne. Wasu a ma'aikata su ke yi, wasu a gida, ana biyansu bisa yawan fallen da suka gama. Su kan sa farar safar hannu don kada yatsa ya bar tabo. Sunan mai wasa kowa ya san shi, amma nasu sunan, da yawa ba a ko rubuta shi ba.

To, in an gama ɗaukar hoto, fallen ya gama aikinsa, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. A zamanin nan ba a ɗauke shi bakin kome ba. Wasu a zubar, wasu a ba yara kyauta, wasu a sayar da araha. Sai da kwamfuta ta karɓe aikin sa'an nan aka san an yi rashi. Wasan Mononoke Hime na Miyazaki Hayao, wanda ya fito a 1997, ya ci fallaye fiye da 144,000, amma wasan da ma'aikatarsu ta Ghibli ta fitar bayansa a 1999 da kwamfuta aka yi masa launi duka. Wasan Sazae-san, wanda aka fara a 1969, shi ne ya daɗe yana riƙe da tsohuwar hanya a talabijin, shi ma ya bar ta a 2013. Daga nan rijiya ta ƙafe. Abin da a ke zubarwa jiya ya zama abin nema da kuɗi, har kantin Mandarake na unguwar Nakano a Tokiyo, wanda aka buɗe a 1980 don sayar da tsofaffin littattafan zane, ya zama matattarar masu neman fallaye. A 2018 kuwa, a wani gwanjo a birnin Paris, an sayi shafi ɗaya na littafin Atom, zanen hannun Tezuka, a kan yuro 269,400.

Dattijon da a ke magana a kansa haifaffen unguwar Nerima ne a Tokiyo, inda manyan ma'aikatun wannan sana'a na farko su ke. Yana ɗan shekara takwas aka fara nuna Atom, kuma da ya ke ba su da talabijin, a gidan maƙwabta ya ke kallo. Bai daɗe ba ubansu ya rasu, uwarsu kuwa ba ta da ƙoshin lafiya, sai nauyin gida ya faɗo kan yayarsa, wadda ta girme shi da shekara goma. Ta sami aikin shafa fenti a wata ƙaramar ma'aikata, tana kawo fallaye gida cikin kwali tana yi har tsakar dare. Ɗakinsu ƙarami ne, saboda haka in ta shanya fallaye ba ya da inda zai miƙe ƙafa, sai ya kwanta a takure yana jin warin fenti har barci ya ɗauke shi. Da kuɗin fentin nan aka biya masa makaranta, har ya gama ya sami aiki a jirgin ƙasa.

Da ya fara karɓar albashi sai ya shiga sayen fallaye, tun suna arha. Yau ɗaya, gobe biyu, kafin ya bar aiki ya tara wajen 400. Cikinsu akwai waɗanda dillalai ke haɗiyar yawu in sun gani. Akwai na wasan Heidi, wanda Takahata Isao ya shirya a 1974, yarinyar tana gudu da ɗan akuya a bayanta, ga kuma hoton duwatsun Suwizalan na ainihi da aka ɗora ta a kai. Akwai na Totoro na 1988, wanda ya saya da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Waɗannan su ya ke nuna wa baƙi, yana kuwa alfahari da su, ba ya ɓoyewa.

Amma akwai wani falle guda da ba ya cikin kundi tare da sauran. Ba fuska a jikinsa, ba jiki. Hannu ne kawai na wani yaro riƙe da lema, daga wani wasa da aka manta da shi tun da daɗewa. Ko a talabijin bai taɓa fitowa ba, don ɓatacce ne. Wani dare yayarsa tana aiki, shi kuwa zazzaɓi ya rufe shi, sai ta tuɓe safar hannunta ta taɓa goshinsa. Da ta koma kan aiki ta manta ba ta mai da safar ba, ta ɗauki fallen fentinsa bai bushe ba, babban yatsanta ya zauna a cikin jan fentin lemar. Aka ƙi karɓarsa, ta sake wani, wannan kuwa ta ba shi ya yi wasa da shi. Ta gaba in aka duba, ba a ganin kome sai ɗan dusu-dusu. In aka juya bayansa, ga zanen yatsanta nan raɗau, kamar jiya ta ɗora shi. Ta rasu shekaru da yawa da suka wuce, ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba.

Wata rana wani dillali, saurayi mai ladabi, ya zo ya dudduba kayan duka, yana faɗin kuɗin kowanne. Da ya zo kan wannan sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ka gafarce ni, wannan kam ba shi da kasuwa. Ko kyauta aka ba mai kanti ba zai sa shi a kanta ba."

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka, yaro. Shi ya sa na huta da fargaba. Sauran kowa na iya raba ni da su in ya kawo kuɗi, wannan kuwa ba mai nemansa sai ni."

Dillali ya sunsuna fallen, ya ɗaga kai ya ce, "Amma akwai wata magana, Baba. Ka ji tsamin nan?"

Nan fa dattijo ya san abin da ya daɗe yana tsoro ya zo. Robar da a ke yin sel da ita ba ta dawwama. In ta tsufa, balle in ta sha zafi da laima, sai ta fara ruɓewa daga cikinta, tana fid da wari kamar na ruwan tsami, tana yamutsewa, fenti yana ɓamɓarewa. In ciwon ya kama ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri. Yana kuma yaɗuwa, falle mai tsami ya kan lalata na kusa da shi, kamar ruɓaɓɓen goro a cikin huhu. Haske kuma abokin gaba ne, don shi ke cin baƙin layin zane har ya koma ruwan ƙasa, ya dushe. Shawarar masana ita ce a ware mai ciwon, a ajiye shi wuri mai sanyi marar laima, a cikin duhu, a bar masa hanyar shan iska.

To, ga tsaka mai wuya. In ya rufe fallen a duhu zai ƙara kwana, amma me ya raba shi da wanda ya ɓace? In kuwa ya rataye shi inda zai riƙa ganinsa, da idonsa zai ga yana mutuwa. Jikarsa ta ɗauki hotonsa da waya, hoton ya fito tsaf, ta ce ai shi ke nan an tsira. Ya duba ya yi mata godiya, amma a ransa ya san hoto bai ɗauko kome ba. Abin da ya ke so a fallen nan ba kamannin yatsa ba ne. So ya ke ya san cewa wannan fenti da ke gabansa shi ne wanda fatar yayarsa ta taɓa, da ɗumin goshinsa a jikinta.

Ya kwana biyu yana tunani, sa'an nan ya yanke shawara. Manyan fallayen nan masu tsada ya sayar da mafi yawansu ga waɗanda ke da wurin ajiya mai kyau, ya ce su dukiyar jama'a ne, duk inda suka tafi za a kula da su. Na yayarsa kuwa ya yi masa akwati shi kaɗai a ɗaki mafi sanyi. Kowace ranar Lahadi da yamma, in rana ta yi sanyi, ya kan sa farar safar hannu ya fito da shi, ya juya bayansa ya duba na ɗan lokaci, ya mayar. Ya san kowace fitowa tana rage wa fallen kwana. Ya ce shi ma ai kwanansa raguwa ya ke yi, gara su ƙare tare da su ƙare a rabe.

Abu ɗaya ya rage da ke damunsa. Fallen Totoro ko mai shi ya mutu darajarsa na nan, don kasuwa ta san shi. Wannan kuwa darajarsa a cikin kan mutum ɗaya ta ke. Ran da ya kau, mai share ɗaki zai ga roba mai tsami da hannu riƙe da lema, ya jefa a kwandon shara, ba kuwa za a ce ya yi laifi ba. Saboda haka ya ɗauki alƙalami ya rubuta labarin duka, da sunan yayarsa, da shekarar, da daren zazzaɓin, da abin da a ke biyanta kowane falle. Ya ba jikarsa takardar ta karanta a gabansa. Da ta gama ba ta ce kome ba, sai ta miƙa hannu ya ba ta safar.

Masu iya magana sun ce so hana ganin laifi. Watakila a nan sai a ce so ne ya ga abin da idon kasuwa bai gani ba, domin tabon da ya sa aka ƙi fallen shi ne kaɗai sa hannun da ma'aikaciyar nan ta bari a duniya, bayan dubban fallaye da ta gama ba tabo ba suna. Kowane gida yana da irin wannan, ko ƙwarya ce mai ɗinki, ko tsohuwar wasiƙa, ko allon da ya tsage. Mai shi ya san dalili, baƙo kuwa sai ya ga tarkace. In ana so abin ya wuce mai shi, sai a gaya wa na baya dalilin tun da sauran numfashi.