Malbaza: Ajin da Ya Riƙe Juna Shekara Bakwai

Sakkwato da Ƙonni 'yan gida ɗaya ne, amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar iyakar da ke tsakaninsu ta kasance a rufe har zuwa Maris na 2024. Shi ya sa da ɗan ƙanwata ya kira ni a daminar 2024, ya ce ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare kuma 'yan ajinsu za su yi walima a Malbaza, ban tsaya dogon shawara ba. Na hau mota da sassafe, muka bi ta Kware da Gwadabawa har Illela, na canza naira zuwa sefa, ɗan kabu-kabu ya tsallaka da ni Birnin Ƙonni.

Daga Ƙonni muka ɗauki babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. A Tsarnawa hanyar Tawa ta rabu da mu ta yi arewa. Gero ya yi kore shar hagu da dama. Tun daga nesa mutum yake hango masana'antar siminti, wadda da ita aka fi sanin Malbaza. A 2011 garin ya samu matsayin gunduma bayan an cire shi daga Ƙonni, a 2018 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7. Gaba kaɗan Galmi take, garin albasar da ta yi suna a Afirka ta Yamma.

Yaron ya tarbe ni a tasha. "Kawu, sannu da hanya. Kafin mu tafi gida, zo ka ga inda munka yi karatu." Na ɗauka lakwal, wato makaranta, zai kai ni, sai ya tsaya a jikin katangar wani gida. An shafe wani yanki nata da siminti, an baƙanta shi, ya zama allo. Har ranar akwai ragowar lissafi a kansa da farin alli, ruwan sama ya wanke rabi. Ga tabarma a naɗe, ga duwatsun murhun shayi. Nan ce fadarsu. A Nijar matasa da yawa suna da fadar da suke zuwa hira da shan shayi, su kuwa tasu suka mayar wurin bita. Wanda ya fi ƙarfi a lissafi ya hau allo bayan isha'i, gobe mai Faransanci ya karɓa.

Tsarin karatun can ya bambanta da namu. Bayan firamare, yaro yana shekara huɗu a kolej ya zauna jarrabawar BEPC, sannan shekara uku a lise kafin bak, a sashen A na adabi ko C da D na kimiyya. Wannan aji ya shiga kolej a Oktoban 2017. Suna shekara ta uku korona ta zo, aka rufe makarantu daga Maris zuwa Yunin 2020. A lokacin ne suka fara kwafar darasi suna aika wa abokansu na ƙauyukan Dogarawa ta hannun masu zuwa cin kasuwa. Shekararsu ta ƙarshe kuma ta faɗo cikin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin, kayan masarufi suka yi tsada, iyaye da dama masu sana'ar iyaka suka zauna hannu rabbana.

A wajen walimar, wata yarinya da ke riƙe da asusunsu ta miƙo mini wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, bangonsa ya sha gam. Kowane shafi sunaye ne a jere, gaban kowane suna dala ashirin ta mako. A ɗaya gefen an rubuta abin da aka kashe: alli, fitila, magani ga wanda zazzaɓi ya kayar, kuɗin takardun jarrabawa na marayan da ke cikinsu. Ta ce, "Baba, wanda bai da ita ba mu kiran sunansa gaban mutane, sai dai a bar wurin har Allah ya hore."

Sun nuna mini itatuwan dogon yaro da suka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai wadda Nijar ta mayar ranar dashen itace. Sun kewaye su da ƙaya saboda awaki, suka raba ban ruwa bi da bi har suka yi inuwa. Sun yi ƙwallo tsakanin azuzuwa, sun yi wasan kwaikwayo a bikin ƙarshen shekara. Amma abin da suka fi alfahari da shi daban ne. Da aka sa wa wata 'yar ajinsu ranar aure kafin BEPC, suka roƙi mushensu, wato malaminsu, da limamin unguwa, aka je aka durƙusa gaban mahaifinta cikin ladabi. Ya amince a jinkirta. Tana cikin waɗanda suka ci bak.

Ba duka suka kai gaci ba. Yankinsu na Adar ƙasar 'yan cin rani ce, wasu sun ajiye biro sun nufi Abijan ko Libiya. Wasu sun faɗi jarrabawar, amma sun zo walimar, aka damƙa musu littattafan waɗanda suka wuce domin su sake gwadawa baɗi. Waɗanda suka ci suna shirin tafiya Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Abdou Moumouni ta Yamai.

Shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna mini cewa ɗalibi ya fi barin makaranta ranar da ya ga ba mai neman sa. Waɗannan yara sun nemi juna, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga malamai da iyaye, na Tawa da na Sakkwato, da su tallafa wa irin waɗannan fadodi da alli, da fitila, da sa ido. Masu hali daga cikin 'yan asalin yankin kuma su gina aji ko da guda ne, domin har yanzu akwai yara masu karatu a rumfar zana. Allah ya yi wa wannan aji albarka, ya sa na bayansu su fi su.