Daga Sandika Zuwa Majalisa

Kwanan nan wata muhawara ta hana mu shan shayi cikin natsuwa a zaurenmu na Goudji. Wani ɗan uwa, jagora a sandikar direbobi, wanda ya sha tsaya mana in kayanmu suka maƙale a gadar Ngueli, ya aiko tun zaɓe da saura, yana neman mu mara masa baya ya zama depite. Matasa suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Dattawa kuwa suka yi shiru, kuma mun san dalili.

Su sun ga zamanin Tombalbaye. Malamin makaranta ne, ɗan sandika mai kaifin baki a Fort-Archambault, wato Sarh ta yau, har Turawan mulki suka raba shi da aikin koyarwa saboda siyasa. Ya shiga majalisar yanki a 1952 a ƙarƙashin PPT, ya zama firaminista a 1959, ran 11 ga Agusta 1960 kuma ƙasa ta koma hannunsa. Ba a cika shekara biyu ba ya haramta jam'iyyun hamayya. A Satumban 1963 aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a garin nan, lokacin ana ce masa Fort-Lamy, aka kulle manyan 'yan siyasa Musulmi. A 1965 haraji ya kai talakawan Mangalmé bango, suka yi bore. Mutumin da ya faro da neman haƙƙin ma'aikaci sai ya kai matsayin da babu mai iya ce masa gyara, har sojoji suka kashe shi ran 13 ga Afrilu 1975.

Sai wani malami a cikinmu ya ce kada mu yi wa 'yan sandika kuɗin goro. Ya kawo labarin Aneurin Bevan na Birtaniya, wanda ya shiga ramin haƙar kwal yana ɗan shekara 13, ya riƙe muƙami a ƙungiyar mahaƙa, ya tafi majalisa a 1929. Da ya zama ministan lafiya, shi ya kafa tsarin duba marasa lafiya kyauta a 1948. Da gwamnatinsu ta ce za a fara biyan kuɗin tabarau da haƙoran roba a 1951, sai ya ajiye kujerar minista, ya ci gaba da wakiltar mazaɓarsa har ya rasu a 1960.

Mun yarda da malam, amma da saura. Bevan yana da dubban mahaƙa a bayansa, masu ƙungiya da ƙuri'a, waɗanda in ya karkace za su iya tsayar da shi su tambaye shi. Mu Hausawan garin nan fa? Mahauta, 'yan kasuwa, teloli, direbobi, kowa da inda ya sa gaba, ga mu 'yan kaɗan. In muka ɗora mutum ya juya mana baya, da wace igiya za mu jawo shi?

Saboda haka muka mayar masa da saƙo cewa ya zo da ƙafarsa ran Juma'a bayan La'asar, ya zauna a tabarma, ya faɗa mana a gaban kowa sau nawa zai riƙa dawowa zauren nan in Allah Ya ba shi, kuma wa zai riƙe sandikar in ya tafi.

Juma'a biyu ke nan bai zo ba. Ya dai aiko da buhun sukari da kwalin ganyen shayi. Suna nan jingine a bayan ƙofa, ba mu kwance ba.