Yadda Na Kai Ɗan Wana Karatun Telebijin A Ankara

Ina so in ba ku labarin wani abu da ya same ni, domin tun da ya faru mutum uku sun tare ni a ƙofar masallaci suna tambayata a kansa, kowa da ɗansa ko jikansa a zuciya. Na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, wanda bai iya boko ba a karanta masa.

Ni malamin allo ne. Da ajami na fara rubutu, boko kuwa sai da na girma na tsince shi. Wana ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini yaro namiji. A gabana ya sauke Alkur'ani, ya kuma gama sakandare da sakamako mai kyau. Uwarsa koko da ƙosai ta ke sayarwa a bakin titi, kullum burinta ya zama akawun banki ko ma'aikacin asibiti. Ran nan bayan lisha sai ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, ni karatun telebijin na ke so." Na yi shiru. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne waɗannan samari masu rawa da waƙa a cikin akwatin, na ce masa, "Watau duk wahalar uwarka a bakin murhu, don ka zama ɗan wasa ta ke yi?" Ya ce, "A'a Baba, ni a bayan akwatin zan tsaya, ba a cikinsa ba." A daren ban gane maganarsa ba.

Na bar zancen har wata guda. Abin da ya karya ni kuwa ba gardamar yaron ba ce. Watan azumi ne, muna zaune ana nuna tafsiri, sai ya ce da ni, "Baba, wa ya ɗauki hoton malamin nan? Wa ya sa muryarsa ta fito tas?" Na ce ma'aikata. Ya ce, "To mutum nawa ne 'yan zango a cikinsu?" Na rasa amsa. Batun hoto dai malamai sun yi saɓani a kansa, ba kuwa a wannan takarda zan raba shi ba. Amma na ga malaman da na ke girmamawa suna zama gaban na'urar suna karantarwa, ai kuwa dole a sami mai riƙe ta.

Makarantar da ya nema tana Ankara, a unguwar Kantomen. An kafa ta a 1978, mutane sun fi saninta da suna NAFTI, kuma dokar da aka yi a 2020 ta haɗa ta da makarantar koyon aikin jarida da ta koyon harsuna, suka zama jami'a guda. Telebijin kansa ya girme ta, don a 1965 aka buɗe shi a ƙasar nan, zamanin Kwame Nkrumah, shekara 30 bayan an fara rediyo a 1935. Karatun digiri shekara 4 ne. Da takardar shiga ta zo, uwarsa ta kwashe adashinta, ni na ƙara da abin da na tara, muka hau mota ni da shi don neman masauki. A nan ne na gane cewa kuɗin makaranta ƙanen kuɗin ɗaki ne.

Wani dillali muka fara samu a tasha. Kafin ya taka ko taku ɗaya sai da ya karɓi abin da ya kira kuɗin gani, watau ko ka kama ɗakin ko ba ka kama ba, wannan ya tafi. Ya kai mu gida uku. Na farko ɗaki ne mai kyau, da siminti sabo, an shafe shi da fenti fari fat, har na fara lissafi a zuciyata. Sai yaron ya ja hannun rigata ya nuna mini bayan gidan. A jikin katangar waje akwai wani layi baƙi da ya kai gwiwar mutum, ya zagaye gidan duka. Alamar ruwa ke nan. An shafe ta a ciki, an manta da waje. Duk wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 1915 bai tuna komai ba, amma na 3 ga Yuni 2015 kowa ya san shi, daren da ruwa da wuta suka haɗu a Sakul suka ci rai fiye da 150. Ankara gari ne da kwarinsa ke cika da ruwa in damina ta sauka. Mu kuwa da rani muka je, ƙasa a bushe. Da ba don idon yaro ba, da na zuba kuɗin gwauruwa a cikin tafki.

Gida na biyu mai shi ya ce sai an ba shi hayar shekara 2 a hannu. Na ce masa na ji dokar haya ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1963, ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 ba, kuma akwai ofishin gwamnati mai sauraron irin wannan ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Malam, sai ka je dokar ta ba ka ɗaki." Gaskiya ne dokar tana nan, amma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, baƙo ba ya iya tsayawa gardama, akwai mutum goma a bayansa da kuɗinsu a aljihu. Na uku kuwa irin gidajen nan ne da 'yan kasuwa ke ginawa don ɗalibai, gado huɗu a ɗaki, biyu sama biyu ƙasa, akwai mai gadi, akwai tankin ruwa a bisa. Yaron ya so shi ƙwarai. Ni kuwa da na ga 'yan mata suna hawa bene ɗaya da samari, na ji kiɗa yana tashi da rana tsaka, sai na ce sam.

Muka sauka Nima gidan wani tsohon abokina, wanda muka yi karatu tare a tsangaya. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce ai ɗana ne, ga ɗaki nan a zaure, a ba da abin da ya sauƙaƙa. Raina ya yi fari. Ga masallaci a ƙofar gida, ga tuwo da miyar kuka, ga Hausa ana yi ko ta ina, ga babban masallacin ƙasa a Kanda wanda aka buɗe a 2021 ba nisa, makarantar kanta tirotiro ɗaya ce ko biyu. Na dawo Kumasi ina ce wa uwarsa na sa ɗanta a aljihu.

To, jama'a, a nan na yi kuskure, kuma kuskuren ya fito ne daga rashin sanin irin karatun. Ni na ɗauka kamar kowace makaranta ce, a tafi da safe a komo da la'asar, a ɗauki littafi. Ashe ba haka ba ne. Ga abin da na fahimta daga bakinsa, da kuma abin da na gani da idona ran da na ziyarce shi.

Da fari ana haɗa su duka a koya musu kowane fanni kaɗan kaɗan: yadda a ke tsara labari a takarda tun kafin a taɓa na'ura, ɗaukar hoto, ɗaukar murya, jera fitilu, shirya wurin da za a yi ɗauka, da yanka da haɗawa. Daga baya kowa ya zaɓi inda zai zurfafa. Ba mai yin aiki shi kaɗai. Ana raba su ƙungiya ƙungiya, yau kai ne mai ba da umurni, gobe kai ne mai ɗaukar igiyar wuta kana bin wanda ka umurta jiya. Ya ce shekarar farko rabinta dako ce. Na shiga ɗakin da su ke shirya shiri, na ga kamara uku a tsaye, kowace da mai riƙe ta, shugaban aikin kuwa yana wani ɗaki dabam gaban allunan gilashi, yana magana a kunnensu ta waya yana zaɓen wadda za ta fita. Ya gaya mini abin da mu ke gani yana motsi hotuna ne tsayayyu, guda 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ido ne ke haɗa su. Maganar minti 5 kuwa su kan wuni biyu a kanta, sa'an nan a kwana uku ana yanka. Wannan yankan ya ba ni sha'awa, don na ga ya yi kama da aikin mai kwafe littafi: kuskuren ɗigo ɗaya ya kan juya ma'ana, sai a koma a sake.

Yanzu ku duba yadda wannan ya ci karo da gidan abokina. Dattijo ne mai tsari, ƙarfe 10 na dare ya kan rufe ƙofa, kuma daidai ya yi, gidansa ne da 'ya'yansa mata. Yaron kuwa wani lokaci sai 1 na dare a ke tashi daga ɗauka, domin abin da labari ya ce dare ne, da dare a ke ɗaukarsa. Sau biyu ya kwana a barandar masallaci don kunyar buga ƙofa. Mitar wuta guda ce ta gidan duka, ana karo karo, sai matan gida suka fara cewa kwamfutarsa ce ke shanye musu wuta. Aikin murya yana son shiru, zaure kuwa kowa da kowa ke ratsawa. Abin da ya fi damuna shi ne bai faɗa mini ba. Sai da sakamakon zangon farko ya fito na ga ya yi ƙasa, na matsa masa, sa'an nan ya buɗe baki. Ya ce, "Baba, na ji tsoro ka ce na raina abokinka."

Na tafi da kaina na yi wa abokina godiya, muka rabu lafiya, har yau can yaron ke cin abincin Juma'a. Ya haɗa kuɗi da 'yan ajinsu biyu suka kama ɗaki da falo kusa da makaranta. Wannan karo na san abin da zan tambaya. Na sa aka je ganin gidan da dare, ba da rana kaɗai ba. Na tambayi mai shagon da ke kusa, ba mai gida ba, ko ruwa yana shiga da damina, da kwana nawa famfo ke kawowa a mako. Na tabbata mitarsu dabam ce, ƙofa tana da makulli mai ƙarfi saboda kayan aikin makaranta da su kan aro su kwana da su, in sun ɓace kuwa su za su biya. Na ƙi ba da ko sisi sai da aka rubuta yarjejeniya da rasit da shaidu, aka rubuta wanda zai gyara in rufi ya yi yoyo. Na auna tafiya zuwa masallaci mafi kusa da ƙafata. Ɗaya daga cikin abokan zaman nasa Kirista ne, mutumin Ho, na zaunar da shi na gaya masa abin da ba a shigo da shi ɗakin, ya ce ya ji, kuma ban ji ya saɓa ba. Ban ce zuciyata ta kwanta sarai ba. Yaro a Ankara ba idon babba a kansa abin tunani ne, na kan kira shi da asuba, in bai ɗauka ba na kan kasa karyawa.

Ku 'yan kasuwa da za ku tambaye ni riba, ba zan yi muku daɗin baki ba. Ban da kuɗin makaranta da na ɗaki akwai kwamfuta mai ƙarfi, akwai ma'ajiyar hotuna da ke cika a sayi wata, kuma aikin da kowane ɗalibi zai yi na gamawa yana cin kuɗin mota da na ciyar da masu taimakonsa. In ya gama zai yi shekara guda ta bautar ƙasa kamar kowane mai digiri. Bayan nan ba wanda ya ajiye masa kujera. Gidajen telebijin sun yi yawa tun da aka ba 'yan kasuwa izini, TV3 ma tun 1997 ta ke, amma da yawa cikin masu wannan sana'a aikin kwangila su ke yi, yau akwai gobe babu, kamar mai ɗinki tsakanin salla da salla. Wanda ke neman albashin ƙarshen wata tabbatacce ga ɗansa, ya yi tunani sau biyu. Ɗan wana dai tun yana shekara ta 2 ya fara ɗaukar bikin aure da suna a Nima da Mamobi ranar Lahadi, da shi ya ke biyan rabonsa na wuta da ruwa.

Bana yana shekara ta 3, fannin murya da yanka ya zaɓa. Da hutun da ya wuce ya zo gida, na ba shi labarin Alhaji Umaru na Karaki, wanda ya rasu a 1934, yadda ya rubuta labarin zamaninsa da Larabci da Hausar ajami, da yadda masu bincike na jami'ar Legon suka bi gari gari a shekarun 1960 suna tara irin waɗannan takardu. Sai ya ce aikinsa na gamawa yana so ya zama a kan tsofaffinmu na zango, fataken goro da na shanu, su faɗi da bakinsu ta ina iyayensu suka biyo har suka sauka Kumasi. Ya riga ya ɗauki mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ya rasu wata biyu bayan ɗaukar, Allah ya gafarta masa, iyalinsa sun zo sun karɓi kwafi.

Zai komo da hutun babbar salla. Duk dattijon da ya yarda a ɗauki maganarsa, ko wanda ke da tsofaffin takardun ajami a akwati, ya aiko yaro makarantata bayan la'asar in rubuta sunansa. Ya ce a gaya muku ba a biyan kome, sai dai a ba shi ɗaki mai shiru na awa guda, a kuma ɗaure awaki nesa da taga.