Ranar Da 'Yata Ta Taka Ƙasa

Ba zan faɗi sunan yarinyar nan ba, kun san 'yar fari ce, amma labarinta kam sai na ba ku.

A Rimin Gado aka kai ni aure, babban gida, ni da faccalata muka haihu wata ɗaya. Nata ɗan yana wata 10 ya fara tatata, har yana bin kaji a tsakar gida. Tawa kuwa ta kai wata 15 tana jan gindi. Wayyo Allah, habaici babu irin wanda ban sha ba! In faccalata ta zo wucewa sai ta ce, "Wasu dai goyo har ranar aure." Surukata ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Wata maƙwabciya ta ce ko shan inna ne. Daren nan ban runtsa ba, ina ta shafa ƙafafunta ina kuka.

Don kunya sai na daina sauke ta. Daka, tankaɗe, wanke-wanke, duk tana bayana a ɗaure da majanyi, don kada kowa ya ga yadda take jan jiki.

Ranar awo na kai ta asibiti gabana yana dukan uku-uku. Ma'aikaciyar ta mammatsa ƙafafun, ta tsayar da ita, ta ga tana dogarawa. Ta ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ƙafa lafiya lau. Amma awonta ya yi ƙasa. Me take ci bayan nono?" Na ce koko. Ta ce, "Sau nawa kike sauke ta a wuni?" Na sunkuyar da kai.

A nan ta yi mini bayanin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Ghana. Yaro mai lafiya yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 da 9, ya yi tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da 18. Wasu ma ba sa rarrafe sam, sai dai a ga sun miƙe. Ta ce, "Amma in ya kai wata 18 bai taka ba, ko ƙafa ta saki bayan zazzaɓi, kada a tsaya hayaƙi, a kawo shi."

Na dawo gida na fara dama mata kunun gyaɗa da waken suya, ga ƙwai, ga zogale a miya. Na shimfiɗa tabarma a inuwa na sauke ta, masu dariya su yi ta yi. Ta fara kama turmi tana miƙewa, tana bin bango.

Tana wata 17, ran wata Juma'a da la'asar, ina tsince shinkafa, sai na ji surukata ta rangaɗa guɗa. Ina ɗagowa na ga yarinyar ta saki turmi, taku ɗaya, biyu, uku, ta faɗa cinyar kakarta. Kunyar 'yar fari ta hana ni rungumarta, sai na shige ɗaki na yi kukana.

'Yan uwa, ashe zanin da na ɓoye ta a ciki shi ne ya ƙara riƙe mata ƙafa. Ku ciyar da yaranku, ku sauke su ƙasa, ku riƙe katin awo da na rigakafi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.