Wayar tamu ce, amma wa ya saita mana ita?

Abin da muke fara yi idan ɗayanmu ya yi sabuwar waya sananne ne. A saya mata riga, a liƙa mata gilashin kariya, a sauya hoton fuska, a zaɓi sautin kira, sannan a sauke WhatsApp da TikTok da Facebook. Shi ke nan, waya ta zama tamu. Amma akwai wani ɗaki a cikinta da ba kasafai ake leƙa shi ba, wato wurin saiti. A can ne aka tsara yawan datar da za mu ƙona, da awannin da batir zai kai mu, da sau nawa za a katse mana karatu a rana, da kuma wanda zai iya leƙa sirrinmu. Duk an gama wannan tsari tun kafin mu buɗe kwali.

Wanda ya yi tsarin kuwa bai san mu ba. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika aljihunanmu na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, manhajar Android da ke tafiyar da su kuma ta Google ce a Amurka. Saiti ɗaya ake yi wa miliyoyin mutane. Injiniyan da ya yi shi bai san ana kwana biyu babu wuta a hostal ba, bai san ɗan abin da aka turo mana daga gida shi zai kai mu ƙarshen wata ba. Masu manhajojin sada zumunta kuma da tallace-tallace suke samun kuɗi, don haka daɗewarmu a kansu riba ce a gare su. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muka san namu yoyon, mu ya kamata mu toshe shi.

Bari mu fara da inda ya fi yi mana ciwo, wato data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, kuma kowane ɗalibi ya ji a jikinsa. Korafin da aka fi ji a ɗakunanmu shi ne: "Jiya fa na saka, yau ta ƙare." Kafin mu ɗora wa kowa laifi, akwai shafi a cikin saiti da ke jera manhajoji ɗaya bayan ɗaya, da adadin datar da kowace ta sha a wata. Duk wanda ya buɗe shi karon farko sai ya riƙe baki, domin wasu manhajojin da ke sama a jerin an yi makonni ba a taɓa su ba. A ɓoye suke aiki, waya na aljihu suna zuƙa.

Maganin ba shi da wuya. WhatsApp yana zuwa ne da saitin sauke hotuna da kansa, ko da hoton gaisuwar safiya ne da aka tura guruf goma. A sashen ajiya da data na manhajar ana kashe wannan, sai abin da mutum ya taɓa da hannunsa zai sauka. A Play Store ana iya hana sabunta manhajoji sai an sami Wi-Fi, irin wanda wasu makarantu ke da shi a laburare. A Facebook ana hana bidiyo kunna kansa. Tun daga Android 7 da ya fito a 2016 akwai makunnin tsimin data, wanda ke hana yawancin manhajoji shan data idan ba a buɗe su ba. Akwai kuma wurin sa iyaka, waya ta yi gargaɗi idan an kusa kai adadin da aka ɗiba. Lambar *323# tana nuna ragowar data a kan kowane layi a Nijeriya, saƙonnin tallan da ke damunmu kuma ana tsayar da su ta hanyar tura kalmar STOP zuwa 2442. Kowanne a cikin waɗannan ƙarami ne, amma idan suka haɗu sukan zama kuɗin handawut ko na abincin dare.

Batir ma haka yake. Fuskar waya na cikin abubuwan da suka fi cin caji, saboda haka rage haskenta da sa ta mutu da kanta bayan daƙiƙa 30 ya fi duk wata manhajar da ke iƙirarin adana batir. Bulutut da na'urar gano wuri da raba data, duk a kashe su idan ba a buƙata. Baƙar fuska da ake yayi tana taimakawa sosai ne a wayoyi masu gilashin AMOLED, domin a nan baƙin wuri ba ya cin wuta. A sauran wayoyin sauƙin ido kawai take bayarwa. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a inda sabis ba shi da ƙarfi waya na ƙara wahala wajen nemansa, caji ya yi ta zuba. A babban ɗakin lakcar da sabis ba ya shiga, gara a sa ta a saitin jirgin sama har a fito. Zafi kuma abokin gaban batir ne, musamman a watannin Maris da Afrilu, don haka kada a yi caji waya na ƙarƙashin filo.

To amma data da caji ana sake saya. Abin da ba ya dawowa shi ne lokaci, kuma a nan ne sanarwa ta fi yi mana ɓarna. Kowannenmu yana cikin guruf na sashe, da na kowane kwas, da na ƙungiyar ɗaliban jiha, da na tsofaffin ɗaliban sakandare, da na dangi, wani ma har da na unguwa. Duk suna ƙara da murya iri ɗaya. Saƙon shugaban aji cewa an sauya ɗakin jarabawa da bidiyon barkwancin da wani ya turo, sauti guda waya take yi musu. Mutum na tsakiyar karatu ya ji ƙara, ya ce bari ya duba ko muhimmin abu ne, kafin ya farga rabin awa ta tafi, ya dawo littafi ya rasa inda ya tsaya. Sau da yawa muhimmin saƙon ma yana nutsewa ne a cikin ɗaruruwan marasa amfani.

Abin da muka ga yana aiki shi ne a raba su gida biyu. Guruf ɗin da karatunmu ya dogara da shi a bar masa murya, a kuma kafe shi a sama, tunda WhatsApp yana ba da damar kafe hira uku. Sauran a rufe musu baki, mu je gare su lokacin da muka ga dama. Manhajojin wasa da na saye-saye ba su da dalilin kiran mu ko kaɗan, a kashe sanarwarsu gaba ɗaya. Tun daga Android 13 na 2022 ma sai sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo sanarwa, kuma babu laifi a ce mata a'a. Akwai saitin "kada a dame ni" da ake tsara wa lokaci, ya kunna kansa a sa'o'in lakca ko na barci, ya hana waya ba mu kunya a aji ko a masallaci. Masu tsoron kada Umma ta kira a rasa su, saitin yana da wurin ware lambobin da kiransu zai shigo ko ta halin ƙaƙa, yana kuma iya barin kira ya shigo idan mutum ɗaya ya sake kira cikin minti 15.

A 2018 Google ya fito da Digital Wellbeing, Apple kuma ya fito da Screen Time. Dukansu suna nuna awannin da aka yi a kan kowace manhaja, kuma ana iya ɗibar wa manhaja lokaci, idan ya cika ta rufe sai gobe. Lissafin ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyar kowa. Ɗalibin da ya ga awa huɗu a TikTok a makon jarabawa ba ya buƙatar wani ya yi masa faɗa.

Sai batun tsaro, wanda shi ne mafi nauyi. Ƙwacen waya ya zama abin fargaba a garuruwanmu, kuma a yau asarar ba ta tsaya a kan kuɗin wayar ba. Layinmu a haɗe yake da asusun banki. Ɓarawo na iya cire layin ya sa a wata ƙaramar waya, makullin fuskar da muka sa bai hana shi komai ba. Abin da ke tare wannan ƙofa shi ne lambar sirri ta layin kansa, wadda ake kunnawa a sashen tsaro. Da zarar an sa layin a wata waya sai ya nemi lambar, idan aka yi kuskure sau uku ya kulle. A kula, kada a yi ta canke: buɗe shi sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, don haka a adana katin. Haka kuma a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa daga fuskar waya idan tana kulle, domin lambobin da banki ke turowa kan fito a nan, kowa ya karanta. Wannan na da amfani ko a shagon mai caji, inda waya ke yin awanni a hannun wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun waya na hannu a danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a rubuta ta a littafi a ajiye a gida tare da rasit, domin ita za a nema idan an je kai rahoto. A kunna saitin Google na neman wayar da ta ɓata, wanda ke ba da damar kulle ta ko goge abin da ke ciki daga nesa. Sai dai wannan ba zai yi aiki ba idan mutum bai san adireshin Gmail ɗinsa da kalmar sirrinsa ba. Al'ada ce a kasuwannin waya mai shago ya buɗe wa mai saye asusu ya zaɓa masa kalmar sirri. Duk wanda aka yi wa haka ya karɓi bayanan ya sauya su, tunda ba a barin mukullin ɗaki a hannun kafinta.

Kusan kowane guruf ya taɓa ganin ranar da lambar wani ɗan aji ta fara roƙon kuɗi, daga baya a gane an sace masa WhatsApp ne. Hanyar kusan ɗaya ce: a kira mutum da sunan wani taro ko tallafi, a ce ya karanto alƙaluma shida da aka turo masa. Waɗannan alƙaluman ba a ba kowa su. Ƙari a kan haka, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wata lambar sirri ta daban da mai waya kaɗai ya sani. A sashen sirri kuma a taƙaita masu ganin hotonmu da masu iya jefa mu a guruf zuwa waɗanda muke da lambarsu. 'Yan uwanmu mata sun fi kowa sanin muhimmancin wannan, domin sun san yadda baƙuwar lamba ke ɗaukar hoto daga guruf ta fara damun mutum. A riƙa duba izinin da aka ba manhajoji ma. Me ya haɗa manhajar tocila da lambobin mutanenmu? Ta irin wannan izini ne wasu manhajojin bashi suka riƙa tura saƙon tozarci ga 'yan uwan waɗanda suka ci bashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai saiti ɗaya da ke faranta mana rai fiye da sauran, shi ne na harshe. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Idan aka ƙara ta, ana samun ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, kuma waya ta daina juya mana kalmomi zuwa Turanci da sunan gyara. Akwai bambanci tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Mu ne muka fi kowa rubuta Hausa a yau, a hira da sitatus da sharhi, don haka yadda muka rubuta ta haka ƙannenmu za su ɗauka.

A gida kuma mu ne injiniyoyi. Da an yi hutu za a miƙo mana waya: "Duba min, ta ƙi yi." Wannan dama ce ta ƙara wa Baba girman rubutu don idonsa ya huta, a kashe wa Umma sauke bidiyon da ke cika mata waya, a sa musu lambar sirri a layi, a kuma ja musu kunne a kan alƙaluma shidan nan. Ya fi kyau mu nuna musu yadda ake yi suna kallo, domin za mu koma makaranta mu bar su da wayar.

Sunayen wuraren nan kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma akwai wurin bincike a saman shafin saiti da ke kai mutum inda yake nema. Duka aikin bai wuce rabin awa ba, ƙasa da abin da muke ba bidiyo kafin barci. 'Yan uwa ɗalibai, a ƙarshen makon nan mu zauna da abokan ɗaki, kowa ya buɗe tasa, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba. Mu fara da lambar sirrin layi da ta WhatsApp, tunda su ne ba sa jira, sauran su biyo baya.