Zaman Cikin Birni

A Kano, idan mutum ya ce shi ɗan birni ne, maganar ta wuce cewa ba a ƙauye aka haife shi ba. Abin da yake nufi shi ne a cikin badala aka binne cibiyarsa, wato a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ganuwa ta kewaye. Mazaunin Nasarawa ko Hotoro ko Fagge shi ma Bakano ne, amma ranar da zai je Yakasai ko Mandawari sai a ji ya ce zai shiga birni. Ita ganuwar, wadda tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya aza harsashinta, Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa ta, yau mafi yawanta ya zube, ko an yanka shi filaye an gine. Da dama daga cikin ƙofofinta an rushe su an sake ginawa da siminti domin motoci su sami hanya. Duk da haka, iyakar tana nan daram a zukatan mutane: akwai ciki, akwai waje.

Baƙon da ya leƙa birni karon farko zai yi mamakin abin da ya riƙe mutanensa. Lunguna ne matsattsu, wasu ko mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu. Mai mota sai ya ajiye ta a bakin titi, ya bar wa mai gadi amana, ya ƙarasa gida da ƙafa. Kwata tana bin tsakiyar hanya, ruwan famfo sai an yi sa'a, saboda haka 'yan garuwa ba sa rasa ciniki. Amma a cikin waɗannan lungunan akwai attajiran Kantin Kwari, da alƙalai, da malaman jami'a, mutanen da suke da halin gina gida a duk unguwar da suka ga dama, sun ƙi tashi. Waɗanda suka tashi ma, da yawansu jikinsu ne kawai ya ƙaura.

Idan aka tambayi ɗan birni dalili, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce tarihi, kuma yana da abin faɗa. Sunayen unguwannin kansu littafi ne ga mai son karantawa. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa suna faɗin inda kakannin mutanensu suka fito. Ayagi zangon Yarbawa fatake ce tun kafin zuwan Turawa a 1903. Alfindiki da Dandalin Turawa mazaunin Larabawan Arewacin Afirka ne, domin a da can Larabawa ake kira Turawa. Sharifai tana jingine da zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Rumfa, Madabo kuwa an san ta da malaman Wangarawa. Wasu unguwannin sana'a ce ta raɗa musu suna, kamar Soron Ɗinki da Unguwar Gini da Dukawa. Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa, har yau tana ci, haka marinar Ƙofar Mata, ko da yake rijiyoyin da ake aiki da su sun ragu ƙwarai. Sai dai tarihi kaɗai ba ya sa magidanci ya jure tsallaken kwata shekara hamsin. Akwai wani abu da ya fi wannan kusa da zuciya, shi ne zama a wurin da aka san mutum.

A birni ba a tambayar yaro sunansa, gidansu ake tambaya. "Kai ɗan gidan wa ne?" Da ya ambaci gidan, dattijon da ya yi tambayar ya san ubansa, ya san kakansa, wataƙila ma tare suka yi makarantar allo da baffansa. Daga nan yaron ya sami mai tsawata masa idan ya yi ba daidai ba, ya kuma sami mai tsaya masa idan aka zalunce shi. Mai neman aure ba ya bukatar dogon bincike, mai neman bashin kaya a kasuwa ba ya bukatar takardar shaida, domin sunan gidansu shi ne jinginarsa. Wannan sanayya ba daga sama ta faɗo ba. Tsarin ginin ne ya haife ta, shi ne kuma yake renonta.

A dubi gidan birni na gargajiya. Mai shiga zai fara da zaure, wanda wasu ke kira soro, daga nan ya bi shigifa, kafin ya isa tsakar gida inda ɗakunan mata suke. Tubali da ƙasa aka yi ginin, aka rufa da azara, aka shafe bango da makuba, zankwaye suna tsaye a saman kusurwa, indararo yana zubar da ruwan sama a lungu. Kaurin bangon yana sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, abin da bulo da kwano ba su iya ba har yau. Amma a cikin gidan duka, zaure ne ya fi ɗaukar nauyi. Shi ba cikin gida ba, shi ba waje ba. Da asuba makaranta ne, ɗalibai sun zagaye malam kowa da littafinsa. Da hantsi ya zama wurin sana'a, maɗinki ko baduku ya shimfiɗa kayansa. Bayan sallar isha'i maƙwabta su haɗu, kowa a fito masa da kwanonsa a yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya nuna ya gane ba. A nan ake sasanta ma'aurata, a nan baƙo yake kwana, a ƙofarsa ake ɗaura aure, a ƙofarsa kuma ake sallatar gawa. Matsin lungun ma da ake kuka da shi yana da nasa aikin: ba yadda za a yi mutum ya gifta maƙwabcinsa kafaɗa na gugar kafaɗa bai ce masa ina kwana ba.

Daɗin daɗawa, shekarar ɗan birni tana da alamomin da ba ya bukatar kalanda kafin ya gane su. Azumi ya kai goma yara su fito tashe, Nalako ya shiga farautar gwauraye. Bayan Mauludi da mako guda a yi Takutaha, jama'a su yi cincirindo a Dutsen Dala. Ranar Maukibi bandiran Ƙadiriyya su taso daga Kabara. Hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2024, ta bakin lungunsa yake wucewa, shi ya sa da aka dakatar da hawan a 2024 da 2025 saboda taƙaddamar sarauta, mutanen birni ne suka fi kowa jin shirun. Ba a ma zancen gurasar Jakara da ake kawowa da zafinta.

Akwai wani malamin makaranta, haifaffen ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, da ya yi ritaya ya haɗa kuɗin sallamarsa ya gina gida a wata sabuwar unguwa a bayan gari. Gida ne na zamani, da get, da rijiyar burtsatse, da katanga mai tsawo. Watannin farko bakinsa bai rufu ba don murna: mota har tsakar gida, ba hayaniya, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da sassafe yana neman rance. Ana nan, wata rana ya ga an kafa rumfa a ƙofar gidan da ke jikin nasa. Da ya tambaya, aka ce ai maigidan ne ya rasu, yau sadakar uku. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma bai ji ba, bai yi salla ba, bai raka shi makwanci ba. Ya shiga ya yi ta'aziyya cikin jin kunya, 'ya'yan mamacin suna kallonsa ba su san ko wane ne ba. Tun daga ranar, kullum la'asar sai ya hau adaidaita sahu ya nufi birni, ya yi magariba da isha'i a masallacin lungunsu, ya zauna a dakalin da ya saba zama tun yana saurayi. Bai jima ba ya fara zancen sa 'yan haya a sabon gidan, a tattara a koma.

A nan ne uwargidansa ta ja daga. Ta ce, "Malam, kai zaure ka sani. Ni ce na san cikin gida." Gaskiya ta faɗa, gaskiyar da masu yabon birni ba su cika ambata ba, domin galibinsu maza ne. Shekara talatin ta yi a ɗaki biyu, madafa ɗaya da facalolinta huɗu, bayan gida ɗaya ga mutum fiye da ashirin. Abin da ta dafa an sani, abin da ta saya an ƙirga, in muryarta ta ɗaga da ta mijinta kafin azahar labari ya kai ƙarshen lungu. Idon da yake tsare yaro daga lalacewa, shi ne dai idon da yake hana babba sakat. Ba ta musanta cewa ranar haihuwa ko ranar rashi babu kamar matan birni wajen gudummawa ba, amma ta ce ba kullum ake haihuwa ba, ruwa kuwa kullum ake ɗiba. Malam bai sami amsa ba. Aka tsaya a kan ita ta zauna a gidanta, shi ya ci gaba da zirga-zirgarsa, kuma irinsa suna da yawa.

Abin da ya fi barazana ga wannan zama ba daga waje yake zuwa ba. Rabon gado ne. Gidan da kaka ya gina wa iyali ɗaya, in ya bi hannu biyu ko uku sai ya zama gidaje shida, kowa ya ja katangarsa ya fasa ƙofarsa. Zaure, tunda ba na kowa ba ne shi kaɗai, kuma yana kallon hanya, shi ake fara mayarwa shago. Kududdufan da aka haƙa tun da can domin ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike da yawansu an yi gini a kai, sai ruwan ya koma neman hanya ta cikin ɗakunan mutane. Maginan gargajiya sun yi ƙaranci, mai son yaɓen shekara sai ya sha nema, saboda haka yake rushewa ya sa bulo. Inda dattawa suka tashi daga dakali kuwa, ba a daɗewa 'yan daba suke maye gurbin.

Gidan su malamin nan ma rabon ya iso shi bayan rasuwar babban wansu. Magada suka taru, aka kira mai unguwa da limami, aka auna ɗakuna aka ƙiyasta kuɗinsu. Da aka zo kan zaure, wani daga cikin samarin ya kawo lissafin abin da shago biyu za su riƙa kawowa a shekara, kuma lissafin ba ƙarami ba ne ga gidan da yake da marayu. Malam ya nemi a cire kuɗin zauren daga nasa kason, a bar shi yadda yake. Ƙannensa mata biyu, waɗanda suke aure a wajen badala, suka ce a haɗa da nasu, domin sun ce in an ɗaura wa 'ya'yansu aure, suna so katin gayyata ya ɗauki sunan ƙofar gidan ubansu. Aka rubuta haka, shaidu suka sa hannu. Yaɓen bana an yi shi, na baɗi kuma ba a tsayar da wanda zai biya ba tukuna.