Mai Keke a Faransa da Mai Keke a Hanyar Bichi

A Faransa, inda nake zaune yanzu, wanda ya ɗauki hawan keken tsere da gaske ba ya taka feda da takalmin da yake yawo da shi. Takalmi ne na musamman, ƙasansa ba ya lanƙwasuwa, an ɗaure masa wani ɗan maƙalli na roba da noti uku. In ya ɗora ƙafa ya danna, sai ka ji ƙas, feda ta kama. Daga nan ƙafar ba ta fita sai ya murɗa diddige waje. Ranar Lahadi da safe za ka gan su ayari-ayari a hanyoyin ƙauye, har da dattawa masu furfura, kowa da hular kwano, kowa ƙafarsa a ɗaure.

Abin bai daɗe can ba. A da, da maɗaurin fata 'yan tsere suke ɗaure ƙafa, sai an sa hannu a kwance. A 1984 kamfanin Look na garin Nevers, wanda sana'arsa ƙera abin da ke kama takalmin masu sulu a kan ƙanƙara, ya kawo wannan dabarar kan keke. A 1985 Bernard Hinault ya shiga gasar Tour de France da irin wannan fedar. Ya faɗi a Saint-Étienne, hancinsa ya karye, ya tashi ya ci gaba, ya kuma lashe gasar karo na biyar. Sauran 'yan tsere suka bi sahu. Amfaninta a fili yake: ƙafa ba ta zamewa ko ana ruwa, ƙarfin mahayi kuma duk yana tafiya cikin sarƙa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Faɗuwar da ta fi yawa da wannan fedar faɗuwar tsaye ce. Na ga wani magidanci ya iso danja, wuta ta nuna ja, ya ja burki, keken ya tsaya cak. Ya nemi ya sauke ƙafa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ƙafa ta ƙi fita. Ina kallon idonsa yana fizgar ta sama, alhali gefe take so. Ya karkata a hankali, ya kai hannu ya tare, ya faɗi ta kafaɗa, ƙafafunsa suna nan maƙale. Nan wurin ake karya tsintsiyar hannu ko ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Sabon takalmi kuwa da nasa rigimar. In an ɗaure maƙallin a karkace, ko da kaɗan, gwiwa ce za ta biya, domin sau dubbai take maimaita kuskuren a tafiya guda. Shi ya sa kamfanonin suke bambanta maƙallan da launi. Na Look baƙi ba ya barin ƙafa ta motsa sam, mai ruwan toka yana barin digiri 4.5, ja kuma digiri 9.

Kullum na ga wannan sai hankalina ya koma gida, ƙasar Bichi da Dawakin Tofa da Dambatta da Makoda, inda gona take manne da gona, babu ko tafin hannu na saura. A can keke abin neman abinci ne. Rali, wato Raleigh ɗin Ingila da har masana'anta ya yi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, su suka raini iyayenmu. Buhun gero a kariya, damin kara, jarkokin ruwa, akuya a kwando ranar kasuwa, yaro a goye zuwa asibiti. Babur ya zo ya ture shi gefe, amma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure sun sake fitowa.

Mai keken nan namu, ƙafarsa a sake ita ce tsaronsa. Ku dubi mutumin da ya ɗauko buhu biyu ya shiga burtali. Tayar gaba ta nutse cikin rairayi, kan keken ya fara rawa, kayan baya suna jan sa gefe. Kafin ƙiftawar ido ya zubo ƙafafu biyu ƙasa, ya tokare, ya sauko ya tura har ya wuce wurin. Hawan ma da kaya a baya ba a wurga ƙafa ta baya, ta gaba ake ɗaga ta a tsallake sanda, an riga an tattare riga an cusa bakin wando cikin safa ko an naɗe shi, kada sarƙa ta ci. In robar burki ta cinye, silifa ce burki, a ja ta a ƙasa har keken ya tsaya. Da za a ɗaure wa wannan bawan Allah ƙafa, ba zai kai bakin titi ba tare da ya sha ƙasa ba.

Mu ma muna da tamu damuwar ta feda, sai dai ta rashi ce. Robar takan ƙare, ya rage ƙarfen tsakiya kawai, sumul, silifa ta zame a kansa, ya dawo ya daki ƙwauri, ko babban yatsa ya kartu a ƙasa. Mai gyaran keke a gindin darbejiya yakan sassaƙa katako ya maye gurbin robar, ya liƙe tayar da tsidau ya huda, ya sallame ka da 'yan kuɗi kaɗan. Wannan duk da sauƙi, rauni ne da ke warkewa.

Wanda ba ya warkewa a kan kwalta yake. Hanyar Kano zuwa Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da wadda ta bi Dambatta ta nufi Kazaure da Daura, su ne inda gabana yake faɗuwa. Magariba ta yi, hazo ya sauko, mai keke yana dawowa daga kasuwa ba fitila, gefen titin kuma ko ya zaizaye ko an yi shanya a kai. Tirela ta taho ta wuce shi dab da kafaɗa, iskarta kaɗai ta isa ta jefar da shi. Wanda ya yi sa'a a kai shi wurin mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala. Wani kuwa gida ake wucewa da shi.

A nan ne nake ganin ainihin bambancin. Bafaranshe ya yarda ya ɗaure ƙafarsa ne saboda ya amince da titinsa. Dokar hanya a nan ta wajabta wa mai mota ya bar tazarar mita 1 in zai wuce mai keke a cikin gari, mita 1.5 a bayan gari. Fitila gaba da baya dole ce da dare, haka riga mai ƙyalli a wajen gari. Wata doka ta 1985, da ake kira da sunan ministan shari'a na wancan lokacin, Robert Badinter, ta sa inshorar motar da ta buge mai keke ita ke biyan diyyar rauninsa, kusan a kowane hali. Ana mutuwa a nan ma, ba ƙarya, amma direba ya san ran mai keke yana da mai bin kadinsa.

Samarinmu da suka fara sayen kekunan tsere na gwanjo, ina murna da ku, musamman da muka ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ta 2024. Amma kada ku yi gaggawar sayen takalmin nan. Wanda ya saya, ya sassauta notin feda, ya dafa bango ya koyi murɗa diddige har ƙafa ta haddace, ya kuma riƙa cire ƙafa tun kafin ya tsaya. Kada ya shiga rairayi da shi.

Roƙona yana ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da shugabannin direbobi a tashoshin mota, da shugabannin ƙananan hukumominmu. A koya wa direba ya ba mai keke hanya, a gyara gefen titi a hana shanya a kai, a raba fitila da abin ƙyalli a ranakun kasuwa. Kai kuma mai keke, ɗan uwa, ka sayi fitila kafin ka sayi sabon sirdi.